Abonoman tele da intanet: in ka ce ka fasa, wa zai maido maka sauran kuɗinka?

Duk ranar da muka buɗe layi a kan tsadar rayuwa, bayan an gama kukan farashin hatsi da na taki, sai an sami mai kawo maganar tele da intanet. Wani magidanci daga wajen Tsarnawa ya taɓa ce mana: "Ni dai ku tambaya mini, in kuran ya ɗauke kwana biyar, mi ya sa kwanakin da na biya ba su tsayawa su jira ni?" Wani kuma daga Abijan ya aiko da saƙon murya. Ya ce ya sa wa gidansu na'urar intanet a yankin Badagishiri, yaran da ke amfani da ita sun tafi karatu Tawa, tsofaffin da suka rage ba ruwansu da ita, amma har yanzu kowane wata sai an cire masa kuɗi, kuma bai san inda zai kai kukansa ba.

Waɗannan koke-koke biyu tushensu ɗaya. Mun iya shiga ciniki, ba mu iya fita ba. Ranar da ake kafa parabol a kan soro ko a bisa ƙarfe a tsakar gida, kowa murna yake, ba mai tambayar mai kanti yadda za a rabu in ranar rabuwa ta zo.

Ƴan uwanmu da ke Faransa sun san wani irin kwantaragi da ba mu cika gani ba a nan: ka sa hannu na wata 12 ko 24, kamfani ya riƙa cirar kuɗi daga asusunka na banki, in ka so fita kafin lokaci a ce sai ka biya. Saboda yawan rigimar da wannan ya haifar, dokokinsu suka yi ta ɗaure kamfanoni. Wanda ya yi ciniki ta waya ko ta intanet yana da kwana 14 na janyewa ba tare da ya faɗi dalili ba. Tun 1 ga Yuni 2023 kuma, duk kamfanin da ke karɓar abokan ciniki ta intanet dole ne ya tanadi hanyar fita mai sauƙi ta intanet ɗin, ba sai an rubuta wasiƙa ana jiran amsa ba. A Ingila, daga 17 ga Janairu 2025 hukumar Ofcom ta hana kamfanonin waya da intanet da tele ɗaura ƙarin kuɗi na tsakiyar kwantaragi a kan hauhawar farashi. Dole su faɗi adadin ƙarin tun ranar sa hannu.

Mu a Ƙonni da Malbaza da Illela tsarinmu ya sha bamban. Galibinmu biya muke kafin mu kalla. Ka je wurin mai kanti ko ka biya ta salula, a kunna maka kwana 30. Ƙaramin tsarin Canal+ an daɗe ana sayensa jika biyar, na samansa jika goma. In wata ya ƙare ba ka sake biya ba, hoto ya ɗauke, shi ke nan. Ba mai kai ka kotu, ba mai bin ka bashi. Shi ya sa da damina, lokacin da kowa ke gona kuma kakar ƙwallon Turai ta tsaya, gidaje da yawa ke barin dekoda ta yi ƙura har sai kaka ta yi. Wannan ƴanci ne na gaske, kuma bai kamata mu raina shi ba. Mai biya wata-wata a Galmi ya fi mai kwantaragin shekara biyu a Marseille sauƙin juya wa kamfani baya.

Amma a nan ne kuma gizo ke saƙa. Tunda kuɗinka sun riga sun shiga hannun kamfani, duk asarar da ta faru a tsakiyar wata a kanka take. Kwanakin suna tafiya ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa. Sai bayan ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka kama hanyar maido da wutar. A tsawon watannin nan, mai panno da batir ko mai gurup ya ci gaba da kallo. Wanda ya dogara da kuran na gari kuwa ya biya kuɗin wata, ya kalli abin da Allah ya nufa. Kamfanin tele zai ce ba shi ya ɗauke wuta ba, kuma gaskiyarsa ce. To amma shi ma mai gidan ba shi ya ɗauke ta ba. Tambayar ita ce ko adalci ne a ce mutum ɗaya, wanda ya fi kowa rauni a cinikin, shi kaɗai zai ɗauki nauyin abin da ba laifin kowa ba a cikinsu.

Kada a ce abin da muke nema ba a taɓa yin sa ba. An yi shi a maƙwabta. A 2016 hukumar kare masu saye ta Najeriya, wadda a lokacin ake kira CPC, ta umarci MultiChoice, mai DStv da GOtv, da ya ba masu biya damar dakatar da abonomansu na kwana 7 zuwa 14, sau biyu a shekara, ba tare da kwanakin sun ƙone ba. Mai tafiya ko mai jinya sai ya sanar, a tsayar masa da lissafi. Ba wani gagarumin abu ba ne, kwana 28 ne mafi yawa a shekara, amma ya nuna cewa na'urar da ke iya rufe maka hoto daidai minti ɗin da kuɗinka suka ƙare, tana iya tsayar da ƙirga ma in an tilasta mata. Mu da muke da damina da tafiyar cin rani, mu ya fi dacewa a ce muna da irin wannan dama.

Sai dai hukumomin Najeriya ma ba kullum suke cin nasara ba. Da kamfanin ya ƙara farashi a watan Maris na 2025, hukumar FCCPC da ta gaji CPC ta ce a dakata, kamfanin ya ƙi, kuma a watan Mayu babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin ƙayyade farashi. Muna kawo wannan ne saboda a Ƙonni abin da ya faru a tsallaken iyaka ba labarin nesa ba ne. Tsakaninmu da Illela ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan mintuna ce a kan babur, kuma kowa ya san yawan dekoda da ake sayowa daga can saboda naira ta yi sauƙi. Wanda ya yi haka ya sani cewa ya tsaya ne a tsakiya, bai ga tsuntsu bai ga tarko ba in rigima ta taso: a takardun kamfanin yana zaune ne a Najeriya, a gaskiya kuwa yana Bazaga ko Allela. Hukumar Nijar za ta ce ba a ƙasarta aka yi cinikin ba, ta Najeriya kuma sai ya fara yi mata ƙaryar adireshi kafin ta saurare shi. Da aka rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, masu irin wannan dekoda sun ga yadda ko biyan kuɗin wata ke zama aiki. Ga kuma wani sabon al'amari: tun Satumba 2025 kamfanin Canal+ ya karɓe ragamar MultiChoice. Ke nan wanda ya yi fushi da na wannan gefe ya tsallaka ya sayi na wancan, aljihu ɗaya yake zuba wa kuɗi.

Ita kanta dekodar wani ƙulli ce. Da kuɗinka ka saye ta, taka ce, amma ba ta buɗe tashoshin kuɗi na kowa sai na kamfanin da ya yi ta. In ka fasa, ka sauya kamfani, sai sabuwar dekoda, sau da yawa da sabon saitin parabol da kuɗin mai sawa. Wannan shi ne ainihin kuɗin fita a wurinmu, ko da yake ba a rubuta shi a kowace takarda ba. Shi ya sa idan ana rangwamen dekoda gab da gasar cin kofin Afirka ko azumi, ya kamata mutum ya tuna cewa ba don Allah ake yi ba. A kuɗin wata-wata za a fanshe. Da yawa cikin gidajenmu abin da suke so bai wuce Télé Sahel da tashoshin wa'azi da na finafinan Hausa irin su Arewa24 ba, kuma akwai tashoshi masu yawa da ake kamawa kyauta da dekoda ta gama-gari. Ƙwallo ce ke ɗaure mutane, mu faɗi gaskiya.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai biyan wata uku ko shida ko shekara a dunƙule, kuma galibi ɗan uwa ne da ke waje. Ya sami kuɗi a Legas ko Libiya ko Aljeriya, ya aiko ta Nita ko Amana, ya ce a biya wa tsohuwa na wata shida a huta. Niyya ce mai kyau. To in dekoda ta ƙone a wata na biyu fa? In tsawa ta lalata kan parabol? In an cire wata tasha da saboda ita aka biya? Mun ga an dakatar da RFI da France 24 a ƙasar nan a watan Agusta na 2023. Wannan mataki ne na hukuma, ba shi muke tattaunawa ba yau, amma ya isa misali cewa jerin tashoshin da ka saya ranar biya ba lallai ne shi za ka tarar bayan wata uku ba. Mai biya wata-wata zai iya cewa ya isa haka. Wanda ya zuba na shekara sai haƙuri. Shawararmu a nan a fili take: sai dai in rangwamen yana da tsoka sosai kuma an rubuta maka abin da za a yi in an samu tangarɗa, a bar kuɗin a hannun wani amintacce a riƙa biya wata-wata.

Maganar intanet na gida ta fi wannan sarƙaƙiya, domin a nan ne ake samun kwantaragi na gaske. Kamfanoni huɗu muka saba da su: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya sayi Orange Niger a 2019, da Niger Telecoms na gwamnati da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. A ƙauyuka, intanet ɗinmu forfe ne a salula, mega ɗin da in ba ka cinye ba ranarsa ta cika ya tafi. Akwatin wifi na gida ko layin da ake jawowa har ɗaki sai a garuruwan da ke bakin babbar hanya, wurin ma'aikata da ƴan kasuwa da ofisoshi. Masu irin wannan su ne ke sa hannu a takarda, kuma su ne ya kamata su duba abu uku da ido biyu kafin alƙalami ya taɓa takardar: tsawon wa'adin da aka ɗaure su, kwana nawa ne sanarwar fita, da kuma ko akwatin nasu ne ko aro ne da za a nema ranar rabuwa. Takardar da Faransanci take, da ƙananan haruffa. Ba abin kunya ba ne ka ce a ba ka ita ka je gida ɗanka ko malamin makaranta ya karanta maka. Wakilin da ya ƙi ba ka ita ka fita da ita, ya riga ya gaya maka wani abu game da cinikin.

Sai kuma Starlink, wanda ya sauya lissafi a karkara. Ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023, kuma tun kafin ya sami izini a nan faranti-farantinsa suka fara tsallako iyaka. Gwamnatin Nijar ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin a Oktoba 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Tsarinsa na gida ba shi da wa'adin shekara. Kana iya tsayarwa duk lokacin da ka so, ya ci gaba da aiki har ƙarshen watan da ka biya, sannan ya tsaya. Ba a maido maka kuɗin sauran kwanaki. Wanda ya saya kai tsaye daga kamfanin yana da kwana 30 na gwaji da zai iya mayar da kayan a ba shi kuɗinsu, amma wanda ya saya a hannun ɗan kasuwa, sharaɗin ɗan kasuwar ne a kansa.

A rubuce abin da sauƙi. A aikace kuwa, Starlink ba shi da kanti a Malbaza da za ka je ka zauna a benci ka jira. Komai a cikin asusu yake, asusun kuma na mai adireshin imel ɗin da aka buɗe shi da shi ne, kuɗin kuwa ana cirarsu kai tsaye daga katin banki. To wa ke buɗe asusun a ƙauyukanmu? Yaron da ya hau soro ya kafa farantin. Imel nasa, kalmar sirri a kansa, kati kuwa na ɗan uwan da ke Abijan ko na wani dillali. Ranar da aka so tsayarwa, in yaron nan ya tafi Agadas neman zinariya ko ya sauya lamba, mai gida na kallon faranti a kan soronsa amma a idon kamfani shi ba kowa ba ne. Ko sayar da kayan ba zai iya yi yadda ya kamata ba, domin sai mai asusun ya sake su kafin wani ya yi rajista da su. Irin wannan ƙulli shi ne ya kama mai saƙon muryar da muka ambata a sama, ko da yake ba mu faɗi kamfanin da yake hulɗa da shi ba. Abin da muka ce masa shi ne ya fara neman wanda ya buɗe asusun, in bai samu ba ya je bankinsa a tsayar da cirar kuɗin. Da an buɗe asusun da sunan wani ɗan gida tun farko, an rubuta imel da kalmar sirri a takarda an ajiye tare da takardun gona, da duk wannan bai taso ba.

Masu faranti da aka yi wa rajista a Najeriya kuma su sani cewa tsarin yawo na kamfanin yana da iyakar lokacin da aka yarda na'ura ta yi aiki a wajen ƙasar da aka yi mata rajista. In an rufe, ba zalunci za a kira shi ba, sharaɗi ne da aka amince da shi ba tare da an karanta ba.

Ina doka a duk wannan? Akwai ta. Doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayu 2015 ta shimfiɗa ginshiƙan kare masu saye a Nijar, ciki har da haƙƙin samun bayani a kan abin da ake sayar maka da haƙƙin neman diyya in an cuce ka. Akwai hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin ARTP, mai sa ido kan kamfanonin waya da intanet da karɓar koken abokan cinikinsu. Kuma ba za a ce ba ta taɓa cizo ba: a watan Yuli na 2023 ta ci kamfanonin nan huɗu tarar da jimillarta ta haura biliyan 4 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Sai dai tara baitulmali take tafiya. Matar da ta sayi forfe na mako a Tajaye, rezo ya ɓace kwana uku, ba ta ga ko dala ba. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna magana da yawun masu saye, amma muryarsu a Yamai ta fi ƙarfi.

Nisa shi ne babban abin da ke kashe haƙƙi a nan. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400, zuwa Tawa inda ofishin kasuwanci na jiha yake ya haura 100. Wa zai biya kuɗin mota ya bar aikinsa saboda jika biyar? Ba kowa. Kamfani kuwa jika biyar-biyar ɗin dubban gidaje ne ke taruwa a wurinsa. Shi ya sa koken mutum ɗaya ba ya zuwa ko'ina, amma takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen gidaje hamsin na gari ɗaya, da ranakun da aka rasa rezo, da lambobin resi, wata magana ce daban. Muna ganin ya dace kowace ma'aikatar magajin gari a yankunan nan uku ta ajiye littafin koke-koken masu saye da za a riƙa tura wa ARCEP da ofishin kasuwanci lokaci-lokaci. Ba ya buƙatar gini ko kasafi, littafi ne da mutum ɗaya.

Abin ba baƙo ba ne a al'adarmu. Wanda ya sayi sa a kasuwar Badagishiri ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, ya san zai koma wurin dillali, kuma dillali ya san dole ya tsaya. Malamanmu da suka karanta Risala sun san babin ciniki ya yi maganar cinikin zaɓi, inda ake ba mai saye wa'adi ya duba ya yanke shawara, da maganar mayar da kaya saboda aibi. Bambancin kawai shi ne a kasuwar dabbobi akwai shaidu da dillali da sarkin kasuwa, a cinikin abonoma kuwa shaidarka ɗaya ce: resi, ko saƙon da ya shigo salula bayan biya. Mu kuwa resi muna nannaɗe goro da shi, saƙon kuma mu goge don waya ta cika.

Akwai kuma wani sabon rukuni da ya kamata a yi maganarsa, domin a nan mu ne masu sayarwa kuma mu ne masu saye. Samari da yawa sun kafa Starlink suna sayar da tikitin wifi na awa ko na yini ko na mako a tasha da bakin kasuwa. Sana'a ce mai kyau, ta kai intanet inda kamfanoni ba su kai ba, kuma a 2025 ARCEP ta nemi masu yin ta su yi rajista. To wanda ya sayi tikitin mako, batir ya mutu kwana biyu ko hadari ya toshe sama, me ake yi masa? Wasu masu wifi suna ƙara wa mutum kwanakin da ya rasa ba tare da an roƙe su ba, wasu kuwa sai su ce ai ba laifinsu ba ne, daidai amsar da manyan kamfanoni ke ba su su ma. Muna so masu wannan sana'a a Ƙonni da Galmi da Illela su rubuta sharaɗinsu da Hausa a allo kusa da farashi: in an rasa intanet fiye da awa kaza, ana ƙara kaza.

Masu resi ko saƙon biya na kwanakin da suka ƙone ba tare da sun amfana ba, ko na tele ko na intanet, su kawo mana kofi a gidan rediyo ko su ɗauki hoto su aiko, tare da sunan gari da ranakun. Ƴan uwa na waje ma haka, musamman waɗanda ake ci gaba da cire wa kuɗi. Za mu tara su gari-gari, ba tare da bayyana sunan kowa a iska ba, mu gayyaci wakilan kamfanonin da na ofishin kasuwanci su zo su amsa a gaban makirfo.